Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna: kafin garin nano ya shiga buhun gyaɗarmu

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kano, amma tun kafin in san sunan sinadari ko ɗaya na san ƙamshin tunkuza. Da kuɗin mai da ƙuli-ƙuli mahaifiyata ta kai ni makaranta, kuma har gobe ba ta bar sana'ar ba, sai dai yanzu ƙannena mata ke murza, ita tana zaune a kan tabarma da faifai a cinya, tana tsince gyaɗa tana faɗa. Da gangan na rubuto da Hausa, don ina son ita da ire-irenta su ji abin da na ce muku, ko da jikokinsu ne za su karanta musu daga waya.

Wanda ya tayar da maganar wani abokina ne da ke dillancin hatsi a kasuwar Dawanau. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kai da ka yi boko, an ce Turawa sun gano wani garin gawayi mai laushin gaske, wai nano, in an barbaɗa a buhu fumfuna ba ta kama kaya. In na sa yara suka daka min gawayi aka tankaɗe da rariyar laushi, zai yi?" Na yi dariya, daga baya dariyar ta koma ciki, domin ba wasa yake ba. Bara buhunan masararsa da dama sun yi kore a sito, kuma mutumin da ya sha asara ba abin da ba zai gwada ba. Binciken da har yanzu yake cikin kwalaben ɗakin gwaji ya riga ya iso kasuwa a bakin mutane. Idan kuwa labari ya iso, kaya na tafe, don a ƙasar nan in dai akwai masu tambaya, mai kawowa ba ya wuya.

Ku kun san abokin gabar, amma bari in gabatar da shi saboda sauran masu karatu. Akwai wata fumfuna mai launin kore da ratsin rawaya, masana na kiranta Aspergillus flavus, da ke zaune a cikin ƙasar gonakinmu. Tana shiga gyaɗa tun tana binne, musamman idan ruwa ya ɗauke kafin ta gama ƙosawa, ko gara ta huda kwanso, ko fartanya ta sare shi wajen cira. Masara kuwa ta inda tsutsa ta ci take bi. Idan aka kwashe shanya da sauran danshi aka ɗinke buhu, ta samu gida ke nan. Ita ce ke fitar da gubar da ake kira aflatoksin. Duniya ta farga da ita a 1960, lokacin da talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abinci mai haɗe da tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kwanta bayan cin gurɓatacciyar masara, 125 daga cikinsu ba su tashi ba.

Amma irin wannan mutuwar farat ɗaya ba ita ce ta fi damuna ba, don ita ana ganinta, ana kuka, ana bincike. Wadda ke cinmu ita ce ta kaɗan-kaɗan, yau a kunu, gobe a tuwo, shekara da shekaru, har hanta ta gaji. Cibiyar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa aflatoksin a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji ga ɗan Adam. Idan ta haɗu da ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda take da yawa a cikinmu, haɗarin ninkuwa yake yi, ba ƙaruwa kawai ba. Wani bincike da aka wallafa a 2002 kan yara ƙanana a Benin da Togo ya gano cewa yaran da gubar ta fi yawa a jininsu su ne suka fi tsumburewa. Sau nawa a unguwanninmu aka binne magidanci ɗan shekara arba'in da kumburarren ciki da idanu rawaya, aka ce shawara ce, wasu suka ce sammu ne?

Wuta ba ta kashe ta, wannan shi ne abin da na kasa fahimtar da mahaifiyata shekaru da yawa. A wurinta duk abin da ya shiga tafasasshen mai ya tsarkaka. Fumfunar tana mutuwa, gaskiya ne, amma gubar da ta riga ta zubar tana nan, zafin girkinmu bai isa ya wargaza ta ba. Idan kuma aka matse mai, mafi yawan gubar a tunkuza take zama. Daga nan sai ku bi sawun tunkuzar: ƙuli-ƙulin da yaro ke gurgura a hanyar makaranta, garin ƙulin da ake kwaɗa zogale da rama, yajin tsire, labun kilishi, abincin kaji da na shanu. Saniyar da ta ci gurɓataccen abinci tana fitar da wani nau'in gubar a cikin nononta, ya dawo mana a ƙwaryar fura. Tarayyar Turai ba ta yarda gyaɗar da za a ci kai tsaye ta wuce maikirogiram 4 na gubar a kilo guda ba. Nakan kwatanta wa ɗalibaina haka: ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a raba shi a cikin buhu 10,000 masu cin kilo 100. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan ido bai san komai ba. Gyaɗa na iya yin fes a faifai tana ɗauke da ninkin ba ninkin wannan adadi.

Don haka ba na zargin masu neman sabon makami, kuma ba na cikin masu jin sunan sabon abu su ce makircin Yahudu da Nasara ne. Ilimin yana burge ni. A ɗauki milimita ɗaya ta jikin rula a raba ta gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai yakan kai nanomita 80,000. Abin da ake magana a kansa ƙwayoyi ne da ba su wuce nanomita 100 ba, wasu ma ba su kai 10 ba, saboda haka duk rariyar da ke Dawanau ba ta kusa da wajen. Kuma idan abu ya ƙanƙance haka, halinsa yakan sauya. Kowace mai girki ta san ungurnun kanwa dunƙule ba ya aiki kamar dakakke, don dakakken ya fi samun fuskar da zai taɓa ruwa. A ci gaba da dakan har ya wuce ganin madubin likita, sai a wayi gari kusan duk jikin abin fuska ne, yana manne wa duk abin da ya taɓa, yana kutsawa inda ɗan'uwansa babba ba ya shiga.

Kabon shi ne sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir da dutsen daiman, kuma yana da 'ya'ya iri-iri a wannan ƙanƙantar. A 1985 aka gano fularin, ƙwayar zarra 60 da suka haɗu suka yi siffar ƙwallon ƙafa, abin da ya jawo wa masana uku kyautar Nobel a 1996. A 1991 wani masani ɗan Japan, Sumio Iijima, ya bayyana bututun kabon, sirara dogaye kamar zare. A 2004 a Jami'ar Manchester aka ɓanɓaro girafin daga irin sinadarin bakin fensir da salatif, shimfiɗa mai kaurin zarra ɗaya tak. A shekarar ne kuma aka ci karo da ɗigon kabon, wanda ni shi ya fi jan hankalina, saboda ana iya dafa shi daga abin da muke zubarwa: buntun shinkafa irin wanda ke jibge a bayan injinan Kura, ɓawon gyaɗa, ɓawon lemo. Ana rufe su da ruwa a tukunyar ƙarfe mai matsi, a ba su wuta na wasu awanni, sai a samu ruwa mai ɗauke da ɗigon da ke ƙyalli idan aka haska shi da irin fitilar da 'yan canji ke duba jabun kuɗi da ita.

A ɗakin gwaji an ga abubuwa masu daɗin ji. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna manne wa jikin fumfuna su yayyaga fatarta ko su naɗe ta. Wasu idan haske ya taɓa su suna sakin ɓaraguzan oksijin masu ƙuna da ke cinye ta. Wasu kuma tsotse gubar suke yi ta maƙale a jikinsu, kamar yadda gawayin asibiti ke yi wa wanda ya sha guba, har ana gwada cuɗa su a ledar naɗe abinci. Duk wannan gaskiya ne, a faranti da kwalba.

Ga inda nake so ku tsaya ku duba da kyau. Fumfunar nan halin kunama gare ta, idan ta ji matsi ta fi harbi. Shi ya sa shekarar da ruwa ya yanke da wuri gubar ta fi yawa: shuka na wahala, fumfuna na wahala, sai ta ƙara zuba dafi. Wasu masana a Jami'ar Osijek ta ƙasar Kuroshiya sun yi bincike a kan wannan hali. Suka ɗauki fularol, wato fularin da aka gyara don ya narke a ruwa, wanda ke iya kwantar da irin wannan matsi a cikin jikin fumfuna, suka zuba mata. A sakamakon da suka fitar a 2017, fumfunar ba ta fasa girma sosai ba, amma gubar da take fitarwa ta ragu ƙwarai. To, a 2018 su ɗin dai suka sake fitar da wani sakamakon, inda suka bi abin na awa 168 a zafin digiri 29 cikin duhu. Bayan awa 120, wato kwana 5, kwantar da hankalin ya ƙare, sai abin ya juya, maganin ya koma yana tunzura fumfunar ta ƙara guba, gwargwadon yawan da aka zuba mata. Allah ya saka wa masanan nan da ba su ɓoye ba.

Kwana 5, ranku ya daɗe. Gyaɗar da aka cire a Oktoba tana kaiwa Yuni a sito. Tana shan sanyin hunturu, ta sha zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a ƙarƙashin rufin kwano, sannan ta shaƙi laimar farkon damina. Idan abin da aka gani a kwalba mai tsabta, mai awon zafi, ya iya juyawa cikin mako guda, me zai faru a buhun da ɓera ya huda, wanda dillali ya auna wa magani da murfin kwalba, ya ƙara kaɗan don ya fi aiki? Kada garin gudun gara mu faɗa gidan zago. Abin da ya fi tsoratar da ni ma shi ne maganin da zai hana koren fitowa a ido alhali gubar na nan. Koren nan, duk muninsa, shi ne kaɗai gargaɗin da mai saye yake da shi a yau. Ranar da aka samu garin da ke goge gargaɗi ya bar dafi, an ba maha'inci abin da ya daɗe yana nema.

Sai maganar huhu. Masu rubuta sakamakon bincike suna aiki da safar hannu da takunkumi, a ƙarƙashin na'urar zuƙe iska. Ni kuwa ina ganin ƙanwata da hantsi tana bakace a tsakar gida, ƙura na tashi daga faifai tana sauka a girarta, ga goyo a bayanta yana barci baki buɗe. Duk abin da aka barbaɗa a buhu, nan zai biyo. Tun 2008 aka nuna cewa dogayen bututun kabon suna yi wa ɓeraye irin lahanin da zaren asbestos ke yi, wato wani kayan gini da ƙurarsa ke lalata huhu, kuma a 2014 cibiyar nan ta Liyon ta sa wani nau'insu a jerin abubuwan da ka iya jawo daji. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, wannan dole in faɗa: ɗigon kabon ya nuna sauƙin illa a gwaje-gwaje da yawa, har ma an samu irinsa a ɓawon burodi da ƙonannen sukari, ke nan mun daɗe muna haɗiyar kaɗan daga ciki. Amma a kasuwa wa zai bambance ɗigo da bututu? Dukansu baƙin gari ne a ƙullin leda. Mu da muka ga abin da ƙurar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, bai kamata a koya mana tsoron ƙurar da ba a gani ba.

Turai ma da suke da kayan awo sun yi tuntuɓe a nan. Shekaru da dama suna zuba wani farin sinadari mai suna titaniyam dayoksaid a alewa da cingam don su yi haske, suna ganin ba shi da wata illa. A 2021 hukumar lafiyar abincinsu ta ce ba za ta iya ba da tabbacin cewa ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa ba sa taɓa ƙwayoyin gado ba, a 2022 aka hana sa shi a abinci. Ba kabon ba ne, amma ƙanƙantar ce ta jawo masa.

Mu kuwa namu tarihin ya fi kusa. Fiya-fiya ba don abinci aka yi shi ba, amma wane ne bai san ana yayyafa shi a wake ba? Ku kanku kun sha fitowa kuna gargaɗi a kai. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda yawan wannan maganin ƙwari a jikinsa, waken da aka hana shiga can kuwa bai ɓace ba, mu muka ci shi a ƙosai da alala. Darasin da na ɗauka shi ne, a kasuwarmu magani ba ya tsayawa inda takardarsa ta ce ya tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa nake roƙonku tun yanzu da abin bai zama ruwan dare ba.

Roƙona na farko, ku fito fili ku shelanta cewa duk wani gari ko ruwa ko leda mai ɗauke da ƙwayoyin nano da zai taɓa abinci ko abincin dabbobi, sai ya yi rajistar kansa, ba zai fake a bayan rajistar gawayi ko ta wani tsohon sinadari mai suna iri ɗaya ba. Mai neman rajistar ya faɗi nau'in ƙwayar da girmanta da siffarta. Kuma kada ku karɓi sakamakon mako guda daga wata ƙasa mai sanyi a matsayin hujja. A gwada shi a nan, a kan irin gyaɗarmu da masararmu, daga kaka zuwa faɗuwar damina, a buhu da rumbu da sito irin namu. Muna da inda za a yi: ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda ita ke fitar da irin gyaɗa na SAMNUT, ga cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa mai hedikwata a Ilori da reshe a Kano, ga Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero. Abin da za a auna kuma gubar ce, wata bayan wata, ba yawan koren da ido ke gani ba. A bi ƙwayoyin a ga ina suke ƙarewa: a mai, a tunkuza, a ƙwai, a nono, ko a ƙasar gonar da aka zuba sharar. Idan har ta kai ga gwaji a jikin mutane, ku tuna a Kano kuke. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 bai bar zukatan mutane ba, kuma kowa ya ga yadda rashin yarda ya dawo ya ci rigakafin shan-inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A yi wa mutane bayani da harshensu, a nemi yardarsu a gaban shaidu.

Na biyu ya fi kwanta min a rai, don ba hani ba ne. Idan za a kashe kuɗi kan kabon na nano a ƙasar nan, a fara da inda ba sai ya shiga bakin kowa ba, wato awo. Babbar matsalarmu ita ce makanta: mai saye bai sani ba, mai sayarwa bai sani ba, sai kaya sun isa tashar jirgin ruwa ta wata ƙasa a ce an ƙi su. Nano ba baƙo ba ne a wannan fagen. Jan layin nan da ke fitowa a ɗan katin gwajin maleriya a kemis, a mafi yawansu ƙwayoyin zinare ne na nano. Akwai irin wannan katin na gwada aflatoksin, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin mai sayar da tiya biyar, kuma masana sun nuna ana iya amfani da baƙin kabon ko ɗigo mai ƙyalli a madadin zinaren. Ku haɗa kai da jami'o'inmu a nemi kati mai araha, a kafa rumfar awo a Dawanau da sauran manyan kasuwannin hatsi, inda za a niƙa samfur a gaban mai kaya a ba shi amsa kafin ya gama shan shayi. Ranar da buhun da aka auna ya fi wanda ba a auna ba kuɗi, ba sai kun yi wa kowa wa'azin shanya ba.

Domin maganar gaskiya, abubuwan da aka tabbatar suna aiki suna nan, ba su kai ga mutane ba ne kawai. Ku da kanku kuka yi wa Aflasafe rajista a 2014, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar. Dabararsa ta burge ni tun ranar da na fara jinta: an zaɓo 'yan'uwan fumfunar nan guda 4 daga ƙasarmu, waɗanda ba sa yin guba, aka ɗora su a kan gasasshiyar dawa da aka rina shuɗi, manomi ya watsa kilo 10 a hekta makonni kaɗan kafin shuka ta yi fure, sai marasa dafin su riga masu dafin kama wuri. Gwajin gonaki ya nuna raguwar guba da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Amma ku shiga ƙauye ku tambayi manoma goma, ku ji nawa ne suka taɓa ganinsa. Ga buhun PICS mai ruɓi uku da ke toshe iska, in dai kaya sun bushe kafin a zuba. Ga tamfol maimakon shanya a kan ƙasa ko gefen kwalta. Ga katakon da ake ɗora buhu don kada ya sha sanyin siminti. Masara ta bushe ta sauka zuwa kashi 13 na danshi, gyaɗa zuwa 7 ko 8. Tsofaffinmu da haƙori suke aunawa, in ta ce ƙaras ta yi, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba, sai dai mai gaggawar biyan bashi ba ya jiran ƙaras. Zai zama abin kunya a ce muna taron ƙara wa juna sani kan fularin a otal, alhali manomi na shanya a turɓaya.

Akwai wani abu guda da ba nano ba, ba Aflasafe ba, babu mai magance shi sai hukuma, kuma a gidanmu na gan shi. Idan mahaifiyata ta gama tsinta, takan tara 'yan ƙanƙararrun nan da masu baƙin ciki da waɗanda suka yi kore a wani tsohon kwanon sha a gefen ƙafarta. A cikinsu mafi yawan gubar take, shi ya sa tsinta kaɗai tana rage haɗari sosai. Wata rana na ce mata, "Inna, wannan kwanon fa binne shi ya kamata a yi." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Abincin Allah zan binne? Da kuɗi na auno shi. Kaji za su ci." Na ce kajin ma mu za mu ci su, mu ci ƙwansu. Ta ce to in na ƙi jinin asara in biya ta kuɗin kwanon. Na biya, har yau kuma ina biya duk mako, ya zama abin tsokana a gidan. Amma ni uwa ɗaya gare ni. A kasuwa irin wannan tsintar buhu-buhu ake sayar da ita da araha, mai kyau ta tafi kamfani ko ƙetare, ragowar ta koma wurin masu ƙuli da masu haɗa abincin kaji, daga nan ta shiga cikin wanda ba shi da zaɓi. Duk tsaurin da aka ƙara a bakin iyaka, in ba a yi wa wannan ragowar hanya ba, talaka ake ƙara wa kaso. Ku zauna da ma'aikatar gona da hukumar kula da ingancin kaya ku samo mata mafita, ko a saye ta a kai inda za a sarrafa ta zuwa abin da ba ci ake yi ba, ko a biya mai ita wani abu a lalata. Idan akwai wurin da kabon mai tsotse guba zai yi rana nan gaba, ina ganin a irin wannan masana'antar ne, a cikin tanki, a hannun ma'aikaci mai takunkumi, inda za a tace shi a fitar kafin komai ya fito.

Kano ta taɓa tara dalar gyaɗa da duniya ke zuwa kallo, tun bayan da jirgin ƙasa ya fara jigila a 1912, kafin fari da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 da kuɗin man fetur su rushe ta. Kowace gwamnati sai ta yi alkawarin dawo da dala. Wanda zai saya a yau ba tsayin dala yake dubawa ba, takardar awo yake tambaya.

Shi kuwa abokina, na ce masa ya bar gawayi a murhu, ya sayi tamfol da katako, ya daina karɓar masarar da ba ta ƙaras a haƙori. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, duk na ji. Amma wanda ya shanya a tamfol da wanda ya shanya a ƙasa, kuɗi ɗaya ake sayen buhunsu." Ban samu abin ce masa ba, shi ya sa na juyo gare ku. Idan kuka tashi turo ma'aikata, ku turo su a Oktoba ko Nuwamba lokacin da sabuwar gyaɗa ke shigowa, su zo da kayan awo, su fara da layin masu sayar da tsinta.

Na gode da sauraro. Allah ya taimake ku a kan aikinku.

Naku,
Malamin kimiyya, ɗan mai ƙuli-ƙuli,
daga Kano.